Babi na Bakwai: Bangi, Daga Bakin Kogi Zuwa Kilomita Biyar

Wanda ya tsaya a tsakiyar Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, ya ɗaga kai zai hangi wani tudu mai duhun itatuwa a bayan gine-ginen gwamnati, ana ce masa Gbazabangi. A ƙirjin tudun an kafa manyan haruffa da sunan garin, an haɗa da kirarin da aka daɗe ana yi masa da Faransanci, La Coquette, wato 'yar kwalisa. Kirarin ya yi nisa. Yana cikin littattafan matafiya, yana bakin tsofaffin ma'aikatan Faransa da suka yi zama a can, yana kuma bakin 'yan garin kansu, har waɗanda yaƙi ya kora zuwa Garwa-Bulai ta Kamaru da Njamena. Abin da nake so mu duba shi ne ko garin ya ci wannan suna, in kuwa ya ci, a wace unguwa ya ci shi.

Sai mu fara ba shi haƙƙinsa. Bangi ba ta bakin teku. Tashar jiragen ruwa da take dogaro da ita, Duwala ta ƙasar Kamaru, tana nesa da ita da abin da ya kai kilomita 1,400. Amma Allah Ya ba ta kogin Ubangi, kuma wanda ya saba da kogin Hadeja ko gulbin Maraɗi, ranar da ya fara ganin Ubangi a cike zai yi shiru na ɗan lokaci. Ruwa ne mai faɗi, yana gangarowa ta tsakanin duwatsu yana kumfa, sannan ya baje a gaban garin. A tsallake ana hangen tuddan Zongo na ƙasar Kwango, kore shar. Da rani idan ruwa ya ja baya sai duwatsu da tsibiran yashi su fito fili, masunta su yi ta kai da kawowa a kwalekwale, samari masu haƙar yashi su riƙa nutsewa da bokiti suna cika jiragensu don sayar wa magina. Ƙasar garin ja ce wur, irin ta marmara, kuma manyan titunan tsakiyar birni suna ƙarƙashin inuwar tsofaffin itatuwan mangwaro. Babbar majami'ar Notre-Dame da aka gina da jan bulo a shekarun 1930 ta dace da wannan ƙasa kamar daga cikinta ta tsiro. Damina tana ɗaukar mafi yawan watannin shekara, don haka ganye ba ya bushewa irin bushewar da muka sani a arewa. Da yamma ana gasa giwan ruwa a bakin kogi, a ci da tuwon rogo da suke kira gozo. Ranar 1 ga Disamba, ranar da aka ayyana jamhuriya a 1958, akan yi tseren kwalekwale, mutane gommai a jirgi ɗaya suna tuƙi da kiɗa, jama'a sun cika gaɓa. Duk wanda ya ce wannan ba kyau ba ne, bai faɗi gaskiya ba.

To amma duk abin da na lissafa, in ban da majami'a da mangwaro, halittar Allah ce, ta riga garin zuwa. Abin da ake auna gari da shi shi ne abin da mutane suka yi da wurin da aka ba su, da kuma wanda suka bari ya zauna a cikinsa.

Faransawa sun kafa sansaninsu a nan a watan Yuni na 1889, kuma ba kyan wurin ne ya tsayar da su ba. Duwatsun cikin kogin ne suke tare jiragen da ke tasowa daga Brazzaville, dole a sauke kaya a nan, ga kuma mutanen Sarki Leopold na Beljiyam sun kafa nasu sansani a Zongo, ana kallon juna. A 1906 Bangi ta zama hedikwatar yankin mulkin mallaka na Ubangi-Shari. Yankin kuwa an yanka shi an raba wa kamfanoni, su kuma suka tilasta wa mutanen ƙauyuka shiga daji tatso roba, wanda bai cika mudunsa ba a yi masa bulala ko a tsare matarsa da 'ya'yansa. René Maran, wani baƙar fata ma'aikacin mulkin mallaka, ya fallasa wannan hali a littafinsa Batouala, wanda ya ci kyautar Goncourt a 1921. André Gide ya ratsa ƙasar, ya buga abin da ya gani a 1927. Da gumin 'yan ƙasa da jininsu aka shimfiɗa titunan da ke bakin kogi, amma ba a shimfiɗa su don su zauna ba. Bakin ruwa da gindin tudu, inda iska ke kaɗawa, na Turawa ne. 'Yan ƙasa da baƙin 'yan kasuwa aka tura su can baya, cikin fadama mai sauro, aka bar fili a tsakani.

Daga dandalin da ke tsakiyar birni ake fara ƙidayar nisan hanya, shi ya sa ake kiransa PK0. Idan ka bi titin Barthélemy Boganda ka yi tafiyar kilomita biyar, ka iso inda aka tura waɗancan mutane. Unguwar ba ta sami wani suna ba sai na nisanta daga mazaunin Turawa: Kilomita Biyar, ko PK5 kamar yadda 'yan jarida ke rubutawa.

Hausawa sun san hanyar wannan ƙasa tun kafin a kafa Bangi. Fatake daga Kano da Barno sukan bi ta Yola su sauka Ngaundere, daga nan su gangara Kunde, wadda a ƙarni na 19 babbar kasuwa ce a ƙasar Gbaya, a yammacin Afirka ta Tsakiya ta yau. Suna kai tufafi da duwatsun ado, suna dawowa da hauren giwa. Suna dawowa da bayi kuma, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Mayaƙan Ngaundere sun yi ta kai hari ƙasar Gbaya, Rabe ya ratsa arewacin ƙasar kafin ya nufi Barno, Sarki Sanusi na Ndele ya kwashe ƙauyuka masu yawa kafin Faransawa su kashe shi a 1911. Jikokin waɗanda aka kama ba su manta ba, kuma Bahaushen da ke son fahimtar abin da ya faru a 2013 dole ya saka wannan a lissafinsa, ko da ba zai taɓa zama hujjar kashe mai shago da iyalinsa ba. Da mulkin mallaka ya kafu, sai wasu suka biyo sawu: Hausawa mahauta da masu tireda, Barebari, Fulanin gida daga Kamaru, Larabawan Cadi, mutanen Senegal da Mali. Mbororo suka shigo da shanunsu ta wajen Buwar a shekarun 1920. Har yau sunayen ƙananan unguwannin Kilomita Biyar suna ba da wannan labari, akwai ta Kamarawa, akwai ta Senegalawa.

Babu mai kiran Kilomita Biyar 'yar kwalisa. Ƙura ce da rani, taɓo da damina, kwatoci a buɗe, rumfunan kwano a cunkushe, 'yan acaɓa da masu tura amalanke suna rige-rigen hanya da manyan motoci. Amma a nan garin yake ci. Kasuwar Mamadu-Mbaiki ita ce babbar kasuwar ƙasar baki ɗaya. Sukari, fulawa, gishiri, albasa, man girki, siminti, kwanon rufi, atamfa, kayan gyaran babur, wayoyin hannu, duk a nan ake sauke su daga motocin Duwala, daga nan kuma ƙananan 'yan kasuwa ke sara su kai sauran unguwanni da garuruwan karkara. Masu sayen lu'ulu'u da zinariya daga Bria da Berberati da yawansu a nan gidajensu suke. Naman da ake ci a gidajen ministoci, shanun Mbororo ne, kuma mahautan da suka fi sanin kansa a nan suke. Ana ciniki da Sango, harshen da kowa ke ji a ƙasar, ana juyawa zuwa Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi gwargwadon wanda ya tsaya a gaban shago. Za ka ji yaron shago yana tambayar ubangidansa, "Alhaji, motar ta taso daga Garwa-Bulai kuwa?" shi kuma ya ce, "Ta taso, ɗana, tana Buwar tana jiran rakiya. Ka ce wa Hajiya ta ƙara haƙuri zuwa jibi." A tsakiyar wannan hayaniya Babban Masallaci yake, kusa da titin Kuduku. Kafin yaƙi Kiristoci da yawa suna zaune a unguwar, an yi auratayya, kuma da dare 'yan birni kan taho nan ne neman tsire da balangu da wuraren rawa, domin tsakiyar birni takan mutu da an tashi daga ofis.

Kirarin garin ya fi ƙarfi a shekarun 1970, zamanin Jean-Bédel Bokassa, wanda ya ƙwace mulki daga David Dacko a daren shiga shekarar 1966. Ya yi gine-gine, ba a musun wannan. A zamaninsa aka kafa Jami'ar Bangi a 1969, aka shimfiɗa kwalta, aka ƙawata dandali, garin ya karɓi taron shugabannin Faransa da Afirka a watan Maris na 1975. Tsofaffin Bangi idan suna begen da, wannan lokaci suke nufi: fitilun titi suna ci, famfo yana zuba, ana share hanya. Sai dai a ranar 4 ga Disamba 1977 mutumin nan ya naɗa kansa sarkin sarakuna a kan karaga mai siffar gaggafa, da dawakai da aka ɗauko daga Faransa, a bikin da ya ci dala miliyan 20 ko fiye, a ƙasar da yawancin mutanenta ba su da asibiti. A 1979 'yan makaranta suka ƙi sayen rigunan makaranta masu tsada da aka tilasta musu, aka kama su, aka kashe kimanin 100, da yawa a gidan yarin Ngaragba, wanda shi ma yana kusa da bakin kogin nan mai kyau. A watan Satumba na shekarar sojojin Faransa suka kawar da shi. Ni dai ban iya raba kwalliyar wancan zamani da waɗannan yara ba, domin hannu ɗaya ne ya yi duka biyun.

Abin da ya biyo baya a gurguje yake. Boren sojoji sau uku a 1996 da 1997 ya lalata masana'antu da shagunan tsakiyar birni, har 'yan garin suka juya kirarin suka koma cewa La Roquette, ta rokoki. A 2002 mayaƙan Jean-Pierre Bemba suka tsallako kogin daga Kwango don taimakon Shugaba Ange-Félix Patassé, suka yi wa unguwannin arewa fyaɗe da wawaso. A 15 ga Maris 2003 François Bozizé ya ƙwace mulki da taimakon mayaƙan Cadi, aka sake wasashe garin.

Sai 24 ga Maris 2013, ranar da 'yan tawayen Seleka suka kama Bangi, Michel Djotodia ya zama Musulmi na farko da ya shugabanci ƙasar. Wasu a Kilomita Biyar sun yi murna, suna ganin wulaƙancin shingayen 'yan sanda ya ƙare. Murnar ba ta yi albarka ba. Mayaƙan Seleka, da yawansu 'yan arewa maso gabas da sojojin haya daga Cadi da Darfur, sun yi watanni suna kisa da kwasar ganima a unguwanni irin su Boy-Rabe, kuma maƙwabta suna lura da gidan da aka shiga da wanda aka tsallake. Ranar 5 ga Disamba 2013 'yan anti-balaka, mayaƙan sa-kai masu adawa da Seleka, suka afka wa birnin, Seleka suka mayar da martani gida-gida, aka kashe mutane kusan 1,000 cikin 'yan kwanaki. A ranar ce sojojin Faransa suka fara aikin da suka kira Sangaris. Da Djotodia ya sauka a 10 ga Janairu 2014, mayaƙansa suka janye arewa, sai aka bar Musulmin gari, mai shayi da tela da mahauci, su biya bashin da ba su ci ba.

An kashe mutane a kan titi da rana tsaka, an ƙona gawawwaki, an rushe gidajen Musulmi a Miskin da sauran unguwanni har tubali, an kwashe kwano da ƙofofi. Ayarin manyan motoci suka riƙa fita zuwa Cadi da Kamaru, mutane a saman kaya, wanda ya faɗo a hanya ba ya tashi. Najeriya, Nijar, Mali da Senegal suka aiko jirage suka kwashe 'yan ƙasarsu, a cikinsu har da waɗanda a Bangi aka haife su, aka haifi iyayensu, ba su san kowa a Kano ko Damagaram ba sai sunan unguwar kakansu. A ƙarshen Afrilu 2014 aka kwashe Musulmi kusan 1,300 da suka maƙale a PK12, ƙofar garin ta arewa, kuma motocin ba su gama ɓacewa ba aka shiga wasashe masallacinsu. A watan Maris na 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce an lalata masallatai 417 daga cikin 436 na ƙasar. Musulmin Bangi da suka haura 100,000 kafin rikicin, ƙiyasin da aka yi a ƙarshen 2015 ya nuna saura kamar 15,000, kusan dukansu a Kilomita Biyar.

Unguwar ta zama kurkuku mai faɗi. Akwai gadoji da mararrabar da Musulmi bai isa ya ƙetare ba, Kirista ma bai isa ya shigo ba. Asibitocin gari sun yi nisa, jami'a ta yi nisa, bakin kogi ya zama wata ƙasa. Yaron da aka haifa a unguwar a 2012 ya yi wayo bai taɓa ganin Ubangi ba, alhali tafiyar awa guda ce a ƙafa. Har maƙabarta ta gagara, domin maƙabartar Musulmi tana unguwar Boeing, kusa da filin jirgin sama, a hannun anti-balaka. Ana kai gawa masallacin Ali Babolo a yi mata sutura, sannan a nemi inda za a rufe ta a cikin unguwa. Su ma Kiristoci ba su tsira ba. Kimanin mutum 100,000 suka tare a gefen titin saukar jirage na filin M'Poko, suna kwana a ƙarƙashin fikafikan matattun jirage, sansanin da bai watse ba sai farkon 2017. 'Yan bindiga daga ɓangaren Kilomita Biyar sun kai hari majami'ar Fatima a watan Mayu na 2014, aka sake kai wani ranar 1 ga Mayu 2018, aka kashe masu ibada da limaminsu. Wanda zai ba da labarin unguwar da gaskiya ba zai tsallake wannan ba.

A lokacin ne sauran garin ya gane abin da Kilomita Biyar take yi masa. Mafi yawan manyan dillalan abinci sun gudu, direbobin Kamaru sun ƙi shigowa sai da rakiyar soja, makiyaya sun kora shanunsu sun ƙetare iyaka. Nama ya yi wuya, sabulu da sukari da mai suka yi tashin gwauron zabi. Waɗanda suka wasashe shaguna sun ci na mako biyu, sannan suka zauna babu mai kawo wani.

Akwai mutanen da suka riƙe mutuncin garin a wannan duhu, kuma in za a yi wa Bangi kirari, da su ya kamata a fara. Imam Umar Kobine Layama, shugaban al'ummar Musulmi, da aka rushe gidansa, Akbishop Dieudonné Nzapalainga ne ya ɗauke shi da iyalinsa ya ajiye a gidansa na tsawon watanni. Su biyun da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou suka riƙa shiga mota ɗaya suna zaga ƙasar, suna shiga inda soja ke tsoron shiga. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shiga Kilomita Biyar duk da gargaɗin jami'an tsaro, ya zauna a Babban Masallaci tare da Imam Tijjani Musa Na'ibi. Da ya fito, samarin unguwar suka hau babura suka bi ayarinsa har filin wasa na cikin gari, wasunsu rabonsu da wannan titi tun farkon rikicin. A watan Fabrairu na 2016 dattawan Boeing da na Kilomita Biyar suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya, aka buɗe hanyar maƙabarta, har matasan ɓangarorin biyu suka yi aikin share ta tare.

Amma abin da ya fi burge ni a tarihin unguwar ya faru ne a cikin gida. 'Yan sa-kai da suka ɗauki makami a 2014 don kare unguwar, kuma sun kare ta, sannu a hankali suka zama sarakunan kansu. Kowane shago da kuɗin da zai biya, kowace mota da ta sauke kaya da nata, wanda ya yi gardama a rufe shagonsa ko a ɗauke shi. Mafi shahara a cikin shugabanninsu shi ne Nimery Matar Jamus, wanda ake kira Force. A watan Afrilu na 2018 dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, MINUSCA, tare da jami'an tsaron ƙasar suka shiga don kama su a wani farmaki da aka kira Sukula, abin ya ci tura, aka kashe mutane da dama, mazauna unguwar suka ɗauko gawawwaki suka jera a ƙofar hedikwatar MINUSCA da ke kan titin Boganda. Force ya mutu da rashin lafiya a 2019, magadansa suka ƙara tsananta karɓar kuɗi. A ƙarshen Disamba na shekarar, 'yan kasuwa suka ce ya isa. Suka ƙi biya, suka tunkari 'yan bindigar da kansu, aka yi kwanaki ana faɗa, shaguna da dama suka ƙone, aka rasa rayuka fiye da 30. Da ƙura ta lafa, sansanonin 'yan bindigar sun watse, aka ayyana unguwar wurin da ba a yarda a riƙe makami ba, 'yan sanda suka dawo. Abin da sojojin ƙasashen duniya da motocinsu masu sulke suka kasa, masu sayar da atamfa da siminti ne suka yi shi, kuma sun san cewa dukiyarsu ce za ta fara ƙonewa. Bahaushe ya ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki, waɗannan mutane sun saye shi da tsada.

To yau fa? Baƙon da ya sauka a M'Poko zai tarar da gari mai mutum wajen miliyan guda wanda titunansa masu kwalta ba su da yawa. Wutar lantarki da yawanta tana zuwa ne daga madatsar Boali, kimanin kilomita 100 arewa maso yamma, inda akwai magangarar ruwa mai ban sha'awa, amma injinan sun tsufa kuma garin ya fi ƙarfinsu, don haka ana raba wuta ne unguwa-unguwa. Mata da yara suna layin ruwa da jarkoki a garin da ke kwance a gefen ɗaya daga manyan kogunan Afirka. Gidan tarihi na Boganda, inda aka tara kayan kiɗa da na farauta na ƙabilun ƙasar, ya sha ɓarna a lokacin rikicin, ya yi shekaru a rufe. A jerin biranen duniya 231 da kamfanin Mercer ya auna daɗin zama a cikinsu a 2019, Bangi ce ta 230, Bagadaza kaɗai ke bayanta. A watan Oktoba na wannan shekarar kogin ya yi ambaliya ya raba dubban mutane da gidajensu. A ƙarshen 2020 'yan tawaye suka datse hanyar Kamaru na tsawon makonni, ɗaruruwan motoci suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai, a 13 ga Janairu 2021 kuma suka iso har bakin garin kafin sojojin Ruwanda da 'yan Rasha da na MINUSCA su mayar da su. Otal-otal na bakin kogi da Ledger Plaza suna nan suna aiki, cike da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da jami'an ƙasashen waje, kuma daga barandarsu garin yana da kyau ƙwarai. Kuɗin kwana ɗaya a can ya fi abin da mai tura amalanke ke samu a wata.

Hukuncina shi ne Bangi ta ci rabin sunanta. Kogin ya fi yadda ake faɗa, tuddan ma haka, kuma mutanen garin suna da fara'a da son ado da tsabtar jiki wanda talauci bai kashe ba. Ranar Lahadi a ƙofar majami'a ko ranar Juma'a a titin Kuduku za ka ga atamfa da shadda da ɗinki da za su shiga kowane taro a Kano. Ɗaya rabin kuwa tun farko ba a yi shi da kowa ba. An raɗa sunan ne daga inda Bature yake zaune, Bokassa ya gaje shi, manyan baƙi suka gaje shi daga Bokassa, unguwar da ke ciyar da su kuma aka bar ta da lambar nisanta.

Wannan nisa bai gushe ba, ko da yake yanzu ɗan acaɓa zai kai ka daga Babban Masallaci zuwa bakin kogi ba tare da fargaba ba, kuma matan Kirista sun dawo kasuwar da kayan miyarsu. Sai a taron sulhu na Bangi a watan Mayu na 2015 aka kawo shawarar a mayar da ranakun Sallah ranakun hutu na ƙasa, bayan shekaru 55 da samun 'yanci. Har yanzu mai suna Musa ko Amadu ko Fadimatu idan ya je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo, sau da yawa akan nemi ya kawo takardun haihuwar iyayensa, wani lokaci har na kakanni, abin da ba a cika tambayar mai suna Jean ba, kuma takardun da yawa sun ƙone tare da gidajen. A 24 ga Yuli 2025 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta yanke wa shugabannin anti-balaka biyu hukunci, Alfred Yekatom shekara 15, Patrice-Edouard Ngaïssona shekara 12, kuma harin da aka kai unguwar Boeing na cikin laifukan da aka kama Yekatom da su. Hukuncin ya sanyaya zukata, amma kotun Hague ba ta mayar wa kowa fili. Dubun dubatar 'yan ƙasar suna Kamaru da Cadi har yau. Waɗanda suka dawo, da yawa sun tarar da wani ya yi gini a kan kangon gidansu na Miskin ko Boeing, ko an sayar da filin da takardar da ba su san da ita ba, sai su koma su kama hayar ɗaki a Kilomita Biyar, inda kuɗin haya ke ta hawa saboda kowa nan yake son ya kwana.